TSOHUWAR AKORI-KURA DA BAƘON INJI: Yadda Kanikawan Maiduguri Ke Shawo Kan Kuloci

MAIDUGURI. Duk wanda ya yi sammako ya tsaya a bakin Tashar Baga, ko kuwa a wajen Kasuwar Shanu ta Gamboru, ba zai daɗe ba zai ga tsofaffin motocin nan da ake kira akori-kura suna wucewa, wata da itacen girki, wata da buhunan wake, wata da kwalayen bandar kifi, wata kuwa da awaki da masu su gaba ɗaya. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Fenti ya koɗe, bodi ya sha walda, ƙofa wani lokaci sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma ga su nan suna tafiya, suna ciyar da gidaje.

Abin da mai kallo ba zai gani ba sai an buɗe masa gaban motar shi ne, sau da yawa injin da ke ciki ba shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta ba. Jiki na Faransa, inji da giyabos na Japan. To, haɗa waɗannan biyun aiki ne na kanikawa, kuma wurin da aikin ya fi ba su wuya ba wajen ɗora injin ba ne, a'a, wajen wani ɗan abu ne da ba ya cika hannu biyu, watau hanyar da ke kai saƙo daga ƙafar direba zuwa ga kuloci. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

ASALIN MOTOCIN

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa, wanda jama'a ke kira Fijo, ya fito da samfurin 404 a 1960, sa'an nan ya biyo da 504 a 1968, kowanne kuma daga baya an yi masa akori-kura. A Nijeriya, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, a zamanin da kuɗin man fetur suka shigo, aka kuma kafa irin waɗannan masana'antu a wurare da dama: Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. An ci gaba da yin 504 a Nijeriya har 2006, alhali kuwa a Turai an daɗe da barinta. Haka ita ma 404, an ci gaba da harhaɗa ta a ƙasar Kenya har 1991.

A ɗaya ɓangaren kuma, Japan ta shigo da nata. Toyota Hilux ta fara fitowa a 1968, Datsun ma tana da tata akori-kurar wadda ta yi suna ƙwarai. Waɗannan motoci duka sun sami karɓuwa a Barno domin dalili guda, watau suna jure wa hanya. Ƙasar Barno kuwa ba ta raga wa mota. Arewacin jihar rairayi ne mai cin taya, gabas wajen Dikwa da Ngala kuwa baƙar ƙasar nan ce ta firki, wadda da rani take tsagewa, da damina kuma take zama danƙo. Ga zafin watannin Afrilu da Mayu da kan haura awo 40, ga ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa.

Har ila yau Barno jiha ce ta kan iyaka. Nijar da Cadi da Kamaru duk suna maƙwabtaka da Jihar Barno, dukkansu kuma ƙasashe ne da motocin Faransa suka yi yawa a cikinsu. Saboda haka tun da daɗewa kayan gyaran Peugeot ke kai da kawowa tsakanin Maiduguri da garuruwan ƙetaren iyaka.

ME YA KAWO SAUYA INJI?

Amsar ita ce kuɗi. A farkon shekarun 1980 Naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja, ɗan kasuwa mai rufin asiri yana iya sayen mota sabuwa dal. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tayar da komaɗar tattalin arziki a 1986, aka karya darajar Naira, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, jama'a suka koma ga motoci da injuna na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a kasuwa, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024, sai abin ya ƙara tsananta.

To, mai akori-kurar da injinta ya gaji, an gyara an sake gyarawa har ba sauran abin gyarawa, zaɓi biyu gare shi. Ko ya sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe a auna ta a kan sikeli, ko kuwa ya nemo wani inji na hannu ya sa mata. Da yake kayan injin Toyota sun fi samuwa a kasuwa, kuma kowane bakanike ya san su, da yawa sukan zaɓi inji irin 22R mai shan fetur, ko kuwa ɗaya daga cikin masu shan gas irin 2L da 3L. Akan sayo injin tare da giyabos ɗinsa, domin haɗa inji da baƙon giyabos wata wahala ce daban mai tsada.

Ɗora injin kwana kaɗan ne. Mai walda zai yi masa sababbin ƙafafu a jikin shasi, a gyara lagireto, a ja salansa, a yi wa farfela aiki, a huda ƙasan motar domin sandar giya ta fito, tun da tsohuwar 404 a jikin sitiyari ake sa mata giya. Ranar da aka tayar da injin kowa a garejin yakan yi murna. Amma tsohon bakanike ba ya murna tukuna, domin ya san motar da ta tashi ba ita ce motar da ta tafi ba.

YADDA KULOCI KE AIKI

Domin mai karatu ya fahimci matsalar, ya kamata a ɗan yi bayani. A bayan inji akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, kanikawa na kiransa filawil. A jikinsa aka manna faifan kuloci, sa'an nan aka rufe da wani murfi mai sifirin da ke matse faifan da ƙarfi. Muddin faifan yana matse, ƙarfin inji na wucewa zuwa giyabos, daga nan zuwa tayoyi. In direba ya taka kuloci, sai wani ƙarfe mai yatsa biyu ya tura boris, boris ya danna sifirin ɗin murfin, murfin ya saki faifan. A wannan lokacin inji ya rabu da giya, sai a sauya giya cikin sauƙi.

Tafiyar da boris ɗin nan ke yi ba ta da yawa ko kaɗan, a galibin ƙananan motoci ba ta kai rabin inci ba. In ta gaza, faifan ba zai saku sarai ba, giya ta riƙa gurnani. In ta wuce kima, sai a lanƙwasa yatsun sifirin ɗin, kuloci sabo ya lalace cikin 'yan makonni. Aikin duka, watau, shi ne a mayar da tafiyar ƙafar direba, wadda ta kai wajen inci shida, ta zama wannan 'yar tafiyar daidai wa daida.

Masu ƙera motoci sun bi hanyoyi uku. Ta farko, wadda ta fi tsufa, ita ce ta sandunan ƙarfe masu gaɓoɓi, wannan ya tura wancan har saƙo ya isa. Da ita 404 ta farko-farko ta zo. Ta biyu ita ce ta waya mai gudu cikin kube, irin ta birkin keke amma mai kauri, kamar yadda take a Volkswagen ɗin nan mai ƙirar kunkuru. Ta uku ita ce ta mai, inda ake da ƙananan tukwane biyu masu fistin a ciki, ɗaya a gaban ƙafar direba, wadda kanikawa ke kira kuloci na sama, ɗaya a jikin giyabos, watau kuloci na ƙasa, bututu ya haɗa su, man birki ne kuma a ciki. Da wannan 504 ta zo, haka ma Hilux.

INDA GIZO KE SAƘA

Kowane kamfani ya auna nasa kayan domin su yi aiki da juna. Tsawon fedar kuloci, faɗin tukunyar sama, faɗin ta ƙasa, tsawon ƙarfen nan mai yatsa biyu, duk lissafi guda ne. Ran da aka ɗauko rabin lissafin daga Faransa, rabi daga Japan, to, sai an sake zama.

Matsala ta farko ita ce ta gefe. Sau da yawa ƙarfen mai yatsa biyu na sabon giyabos yakan leƙo ta ɓangaren da ba nan tsohon yake ba. Ga mota mai sanduna wannan babbar magana ce, domin sanda ba ta kewaya inji. Akwai kuma wani abin tarihi a nan. Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972, amma Japan da Ingila har gobe a hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Saboda haka in an sayo kayan da aka ciro daga motar da ta yi aiki a can, sai a tarar bututu ko wayar an yanka su ne domin direban da ke zaune a ɗaya gefen.

Matsala ta biyu ita ce ta awo, kuma ita ce ke ruɗa yara masu koyo. Ga misali. A ɗauka ƙafar direba na tafiyar inci shida, sandar da ke shiga tukunyar sama kuma tana tafiyar inci ɗaya. In faɗin tukunyar sama kashi biyar cikin takwas ne na inci, ta ƙasa kuma kashi uku cikin huɗu, to, fistin na ƙasa zai yi tafiyar kusan kashi bakwai cikin goma na inci. In ƙarfen mai yatsa biyu ya raba wannan tafiya biyu, boris zai matsa wajen milimita tara, abin da ya yi daidai da bukatar kuloci da yawa. Amma a ce an sa tukunyar sama mai faɗi ɗaya da ta ƙasa, kashi uku cikin huɗu, sai boris ya yi tafiyar rabin inci cur, kusan milimita goma sha uku, fedar kuma ta ƙara tauri da kusan rabin yadda take. Ga ido bambancin tukwanen biyu bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, amma ƙafar direba da aljihun mai mota za su san da shi.

Dokar abin dai guda ce, kuma ba ta da makawa: abin da aka samu a sauƙin takawa, an rasa shi a tsawon tafiya, abin da aka samu a tsawon tafiya, an biya shi da ƙarfin ƙafa.

HANYOYI UKU NA WARWAREWA

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a ɗauko kayan kulocin motar da ta ba da injin gaba ɗaya, watau tukunyar sama da ta ƙasa da bututunsu, a dasa a tsohuwar motar. Ta haka lissafin mai ya zauna yadda kamfani ya yi shi, saura kawai a daidaita feda. Sai dai aikin na bukatar haƙuri. Dole a huda bangon ƙarfen da ke tsakanin direba da inji a daidai inda sandar za ta shiga tukunyar a miƙe. In ta shiga a karkace, za ta riƙa cin gefe guda na tukunyar, roba ta yage, mai ya riƙa ɗiga a kan takalmin direba. Kuma da yake bangon tsohuwar mota ya sha tsatsa, ba a kuma yi shi domin ɗaukar wannan nauyi ba, bakanike mai hankali yakan yanko faranti mai kauri ya ƙarfafa wurin. In ba haka ba, duk lokacin da aka taka, bangon ne zai riƙa lanƙwasa yana cinye tafiyar, wata rana kuma ya tsage.

Sa'an nan sai maganar ramin da za a huda a jikin fedar, inda sandar za ta kama. In aka huda shi kusa da inda fedar ke rataye, kuloci zai yi laushi amma ba zai saki faifai ba. In aka huda shi can ƙasa, zai saki, amma direba zai wuni yana kokawa da shi. Shi ya sa za a ga maigidan gareji ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari da alli da abin awo, yana sa yaro ya taka ya saki, ya taka ya saki, kafin ya yarda a kawo abin huda.

Hanya ta biyu, wadda ta fi araha, ita ce a bar tukunyar sama ta tsohuwar motar, a haɗa ta da ta ƙasa ta sabon giyabos. Wannan na yiwuwa in faɗinsu ya yi kusa da abin da ake bukata. Abin da kan ba da wahala shi ne bakin bututu, domin zaren notin kamfanonin ba lallai ya zo ɗaya ba. Akan kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya yi mahaɗi mai zare biyu. Wanda ya tilasta noti ya shiga inda ba nasa ba, ya naɗe da zare ko leda, ya shirya wa mai motar tsayuwa a daji.

Hanya ta uku ita ce a ƙera sanduna ko a ja waya. Nan ne gwanintar hannu ke fitowa, nan ne kuma aka fi yin gyaran gangar auzinawa. Abin da ake mantawa shi ne inji ba a tsaye yake cik ba. A kan robobi yake zaune, in mota ta ɗauki lodi ta shiga rairayi yakan karkata gefe. Feda kuwa a jikin bodi take. In aka haɗa su da sanda ƙiƙam ba gaɓa, duk motsin da inji ya yi sai ya taka kulocin da kansa, mota ta riƙa fizga wajen tashi. Saboda haka masu ƙera mota suka sa wani ƙarfe mai juyawa tsakanin shasi da inji, mai ɗan wasa a bakinsa. Ko a hanyar mai ma, dole wani yanki na bututun ya zama na roba mai lanƙwasa saboda wannan dalili. Ita kuwa waya, ba ta son kwana mai kaifi, ba ta kuma son ƙura, ga shi kuwa ƙura ba ta yankewa a Maiduguri.

KURAKURAN DA KE KASHE KULOCI

Na farko shi ne rashin barin wasa. Ya kamata fedar ta ɗan yi tafiya a banza kafin ta fara aiki. A mota mai sanduna, in babu wannan wasan, boris zai zauna yana gugar sifirin dare da rana har ya ƙone. A mota mai aiki da mai kuwa, in sandar ta matse fistin bai koma mazauninsa sarai ba, sai ya toshe 'yar kafar da mai ke komawa ta cikinta. Da safe mota lafiya lau, amma da rana ta take, mai ya yi zafi ya kumbura bai sami hanyar komawa ba, sai kuloci ya fara sulɓi, inji na kuka mota ba ta gaba.

Na biyu shi ne ƙara wa sanda tsawo da walda. In tafiya ta gaza, abin da ya fi sauƙi shi ne a yanko guntun rodi a liƙa. Amma sandar nan tana shan taki sau ɗaruruwa a wuni, kuma a bakin waldar take karyewa. Abin da ya dace shi ne a feƙe sabuwa daga ƙarfe guda, a yi mata zare da noti biyu, yadda za a iya ƙarawa ko ragewa. Ban da haka ma, tsawaita sanda ba ya ƙara yawan man da tukunya ke turawa. In awon tukwanen ne bai dace ba, sai dai a sauya tukunya.

Na uku shi ne zafi. Salansar sabon inji kan bi ta inda ta tsohon ba ta bi ba. In bututun mai ya ratsa kusa da ita, man zai tafasa, feda ta faɗi ƙasa ba komai. Akan kewaya da bututun, ko a sa masa garkuwar kwano.

Na huɗu shi ne mai. Man birki kaɗai ake zubawa. Wanda ya zuba baƙin mai ko man giya don babu na birki a kusa, robobin ciki za su kumbura su lalace. Shi kuma man birki yana shan ruwa daga iska, shi ya sa ake son a riƙa sauya shi. Wannan ya fito fili bayan ambaliyar ran 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni masu yawa na Maiduguri. Motar da ta kwana cikin ruwa, ko an wanke inji an sauya baƙin mai, akan tarar ruwa ya gauraya da man kuloci, ko kuwa faifan ya yi tsatsa ya manne da filawil, a taka feda har ƙasa bai saki ba.

GWAJI KAFIN A MIƘA MAKULLI

Bayan an gama ɗaurawa sai fitar da iska. Yaro ɗaya na ciki yana takawa, ɗaya na ƙasa yana buɗe ɗan notin tukunyar ƙasa yana rufewa, har mai ya riƙa fitowa ba kumfa. Daga nan sai gwaji, kuma mai mota ma ya kamata ya san shi domin kada a sallame shi da aiki rabi.

A tayar da inji, a taka kuloci har ƙasa, a ɗan dakata, sa'an nan a sa giyar baya. A tsofaffin giyabos giyar baya ba ta da abin daidaita gudu, saboda haka ba ta rufa asiri: in ta yi gurnani, faifai bai saku ba. Bayan haka a ja birkin hannu, a sa babbar giya, a saki kuloci sannu a hankali. In inji ya mutu, kuloci na kamawa. In ya ci gaba da aiki, yana sulɓi. A kuma lura da inda yake kamawa. Ba a son ya kama daf da ƙasa, ba a kuma son sai ƙafa ta kusa barin feda. Gwaji na ƙarshe shi ne a yi wa motar lodi a fita da ita bayan gari cikin rairayi da tsakar rana, domin a nan za ta yi rayuwarta.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA WUCE WASA

A wani gari, in kuloci ya mutu a hanya, asarar wuni ce da kuɗin janwe. A Barno abin ya wuce nan. Tun daga rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, manyan hanyoyin jihar da dama sun shafe shekaru a rufe. An sake buɗe hanyar Dikwa zuwa Gamboru da Ngala da kuma ta Monguno zuwa Baga a 2016, ta Bama zuwa Banki kuwa a 2018, kuma a wasunsu an daɗe ana tafiya cikin ayari da rakiyar soja. Ayari ba ya jiran motar da ta tsaya. Ga kuma shingayen bincike, inda mota kan tsaya ta tashi sau da yawa cikin ɗan taƙi, abin da ya fi komai gajiyar da kuloci.

Mutanen Barno ba su manta da abin da ya faru a Auno ran 9 ga Fabrairu, 2020 ba, inda matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana a bakin hanya, aka far musu cikin dare, aka kashe aƙalla mutum 30, aka ƙone motoci. Tun daga lokacin kowane direba ya ƙara sanin cewa a hanyoyin nan makara ba ƙaramin abu ba ne. Sandar da aka liƙa da walda domin a rage 'yan Nairori tana iya zama sanadin da dare zai riski mutum inda bai kamata ba.

Gaskiya ne tsofaffin direbobi sun iya tafiya ba kuloci, su tayar da mota a cikin giya, su riƙa sauyawa da jin kukan inji. Amma wannan dabara ce ta kai mota gida, ba ta yin aiki a rairayi da lodi, kuma giyabos ne ke biyan kuɗinta.

SAURA DA ME?

Kanikawan Maiduguri sun yi abin a yaba musu. Galibinsu ba su zauna a aji sun koyi lissafin matsin mai ba, a gindin bishiyar dogon yaro suka koya, daga maigida zuwa yaro, har suka iya aikin da a wasu ƙasashe sai masu kayan awo na zamani ke yi. Sun kuma yi shi cikin wahala, domin daga Janairun 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar da ke kawo lantarki garin, masu walda da masu feƙe ƙarfe sun daɗe suna dogara da janareta. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba kowane mai riƙe da sufana ne ya san abin da aka zayyana a sama ba.

A nan akwai aiki a gaban Kwalejin Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri da makarantun koyon sana'a na jihar. Ɗan gajeren horo na mako biyu ko uku, da Hausa da Barbarci, a kan awon tukwane da amfani da abin auna kauri, zai ƙara wa masu koyo abin da shekaru ba su ba su ba. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, ita ce ta fi dacewa ta tattaro su. Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, su ma ya kamata dubawarsu ta wuce takarda da fitila, musamman ga motar da aka sa wa injin da ya fi nata na asali ƙarfi alhali birkinta na da ne. Mai mota kuma ya tuna ya kai lambar sabon injin ofishin lasin a gyara masa takardu, domin kada ranar bincike a ce motar ba tasa ba ce.

Ga masu akori-kura kuwa, shawara ita ce su daina tsayawa a kan bakanike suna cewa a yi maza kasuwa na jira. Su sayi tukwanen kuloci masu kyau ko da sun fi tsada, su ajiye robobi da gwangwanin man birki a cikin mota, su kuma hana direba ɗora ƙafa a kan feda in ba giya zai sauya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma dawo wa Barno da cikakken zaman lafiya.